Malam Abdussalami Bagimbane da Yaƙin Kware

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jega ya ji sunan Gimbanawa, amma ba kowa ne ya san mutumin da wanga suna ya rataya a kansa ba. Shi ne Malam Abdussalami ɗan Ibrahim, Ba'are, watau mutumin Arewa, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. Ba Bafillace ba ne, kuma wannan magana za ta komo a gaba. Ya zo Degel neman ilimi da jama'a tasa ta kansa, ya sauka kusa da Shehu, ya yi karatu har shi ma ya zama abin bi.

A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka tsananta wa jama'ar Shehu, aka hana wa'azi, aka hana rawani da lulluɓi. Malam Abdussalami bai iya zama a ƙarƙashin wannan doka ba, sai ya kwashe mutanensa ya yi kudu, ya sauka Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. Da Yunfa ya hau gadon Gobir ya nemi ya komo, shi kuwa ya ƙi. A shekara ta 1218 ta Hijira, ƙarshen 1803, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, aka kashe malamai, aka kama mata da yara. Malam ya tsira da ransa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka fito suka kwance su. Daga nan sulhu ya ƙare tsakanin Shehu da Yunfa. Cikin watan Zulƙida na wannan shekara, Fabrairu 1804, aka yi hijira zuwa Gudu, bayan 'yan watanni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ashe wutar jihadi duka a garin Abdussalami aka fara ƙyasta ta.

To, yaƙi da wuya, amma rabon abin da yaƙi ya kawo ya fi shi wuya. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Abdussalami ya sami 'yan garuruwa kaɗan a ƙarƙashin Gwandu. Ya duba ya ga waɗanda suka zo bayansa sun sami ƙasashe masu faɗi, galibinsu Fulani, shi da aka fara zubad da jinin mutanensa yana riƙe da ɗan lungu. Da ya fara miƙa hannu gaba da iyakarsa, Shehu ya kira shi, ya zaunad da shi a Kware, arewa da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba, aka kuwa yarda masa ya yi ganuwa.

Shehu ya rasu a 1232, watau Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Nan da nan ƙasa ta girgiza. Zamfarawa suka juya baya, Gobirawa da Kabawa suka ɗaga kai, Malam Abdullahi kuma yana Gwandu zuciyarsa ba ta gama kwanciya da yadda aka yi naɗin ba. A wannan hali Kware ta cika da mutane. Ahlul zimma da suka gudu daga zaluncin waɗansu masu iko suka sami mafaka a can, fatake kuma suna saye da sayarwa da ƙasashen da Sakkwato ke yaƙi da su. Takardu suka yi ta kai da komo. Abdussalami ya kafa hujja da zaluncin da ake yi da sunan jama'a, ya kuma yi ƙorafin rabo. Bello bai musa cewa akwai azzalumai ba, amma ya tsaya a kan cewa jiɓintar abokan gaba a kan Musulmi ridda ce. Malamai su lura, wannan mas'ala ko a gidan Shehu ba baki ɗaya aka yi a kanta ba, domin Malam Abdullahi yana ganin jiɓinta saɓo ce, ba ta zama kafirci sai da niyyar taimakon kafirci. Kuma labarin nan galibinsa daga alƙalamin Bello ya iso, cikin littafinsa Sardul Kalami. Mai adalci ya riƙa tuna cewa ɗaya daga cikin masu shari'ar ne ya rubuta.

Da takarda ta kasa, takobi ya fito. Aka yi watanni ana kai wa juna hari, har mutanen Sakkwato suka shiga ƙunci, gama abokin gaba yana bakin ƙofa, kuma ya san sirrin gida. A farkon 1818 rundunar Sarkin Musulmi ta fasa Kware. Kibiya ta sami Malam Abdussalami, ya fita da rauni ya nufi Zamfara, ya cika a Bakura. Da Kware ta tsaya a ranar nan, da wuya sauran masu tawaye su bar Sakkwato ta shekara, domin dukansu ita suke kallo. Da ta faɗi, Bello ya sami sarari ya bi su ɗaya ɗaya.

Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi, sai da Bello ya kawo gudummawa aka ci garin. An ruwaito cewa a nan Bello ya yi nufin sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ɓarakar da Abdussalami ya buɗe ita ta ɗinke ta gidan Shehu.

Ɗansa Buhari ya yi biyayya ga Gwandu, aka yi masa izini ya kafa gari kusa da tsohon mazaunin ubansa, wajen 1820. Garin nan shi ne Jega, wadda kasuwarta ta zama matattarar fataken goro da gishiri da tufafi, zuriyar Buhari kuma ke riƙe da sarautarta da sunan Sarkin Kabi.