Marigayi Malam Isa Wali, Jakadanmu A Ankara Ta Ƙasar Gana

A wannan fitowa za mu kawo tarihin Malam Isa Wali, Allah ya jiƙansa, wanda ya riƙe ofishin jakadancin Nijeriya a Ankara, babban birnin Gana. Mu fatake maganar ta shafe mu, don tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke zuwa Gwanja da Salaga sayen goro, kuma har yau da wuya ka sami gida a unguwar nan da ba shi da dangi a zangon Kumasi ko Nima.

An haifi Malam Isa a birnin Kano a 1928. Mahaifinsa shi ne Walin Kano Sulaiman, gida ne na ilmi da shari'a. Ya fara da allo kamar kowane ɗan Musulmi, sannan ya shiga boko, ya kuma yi makarantar ilmin Larabci ta Kano. Da ya gama sai ya kama aikin tafinta a majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ka ga ke nan ya haɗa Hausa da Larabci da Turanci, abin da ba kowa ke da shi ba a zamanin.

Mutum ne mara tsoron faɗin abin da ya fahimta. A 1956 ya yi jerin rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mata a Musulunci, yana kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi cewa addini bai hana 'ya mace ilmi ba. Wasu malamai da masu sarauta ba su ji daɗi ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ra'ayinsa ya yi kusa da na Malam Aminu Kano. Bayan haka ya bar Kaduna ya shiga aikin harkokin waje na Gwamnatin Tarayya, har ya yi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka.

A 1964 aka tura shi Ankara. Da yake Gana da Nijeriya duk rainon Ingila ne, ana kiran mai wannan muƙami Babban Kwamishina, amma aikin na jakada ne. To, kujerar ba ta hutu ba ce. Gana ta sami 'yanci a 1957, mu a 1960, kuma Kwame Nkrumah da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su jitu ba. Nkrumah na son a haɗe Afirka ƙasa ɗaya nan take, Abubakar na ganin a bi a hankali. Ga kuma zargin da Ikko ke yi cewa Gana na ba 'yan adawar Nijeriya mafaka. Duk lokacin da manya suka yi tsami haka, ɗan kasuwa da ke zango ne ke kwana da fargaba, kuma ofishin jakada ne kaɗai ƙofar da zai buga.

A hannunsa ofishin yake lokacin da aka yi taron shugabannin Afirka a Ankara a Oktoban 1965, wanda Abubakar ya halarta. A 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe Abubakar da Sardauna. A 24 ga Fabrairu sojojin Gana suka hamɓare Nkrumah. Cikin mako shida gwamnatin da ta aiko shi da wadda ta karɓe shi duk sun faɗi, shi kuwa yana nan bakin aikinsa. Yana riƙe da muƙamin har lokacin da Gowon da Ojukwu suka zauna a Aburi a Janairun 1967 don neman sulhu. Wata guda bayan haka, a Fabrairun 1967, Allah ya yi masa rasuwa yana ɗan shekara 38.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. 'Yan Nijeriya da yawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka bar gidaje da rumfuna suka taho. A 1983 Nijeriya ma ta kori 'yan Gana.

Jama'a, mu ma baƙi ne a nan, ko da a cikin ƙasarmu muke. Ranar da rikici ya tashi, ana bukatar wanda zai shiga ofis ya yi magana da yawunmu, ya san addininsa, ya kuma san takarda. Irin wannan mutum ba a rumfar goro ake samunsa ba sai an tura shi makaranta. 'Yar Malam Isa, Hajiya Maryam Uwais, ta zama lauya, ta kuma kafa gidauniya da sunansa a Kano don taimakon mata da yara. Mu daure mu bar 'ya'yanmu maza da mata su haɗa Islamiyya da boko, kada mu janye su don kiran kasuwa.

Allah ya gafarta wa Malam Isa Wali, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.