Heinrich Schliemann, ɗan kasuwar da ya tono birnin Troy

Yau mun kawo maku tarihin Heinrich Schliemann, Bajamushe, wanda aka haifa a 1822. Ya fara da yaron kanti yana shekara 14, daga baya ya yi arziki a Rasha da fataucin shuni, irin wanda muka sani a kasuwanninmu. Ya yarda cewa yaƙin Troy da Homer, mawaƙin Girka, ya waƙe ba tatsuniya ba ne. Sai ya zuba dukiyarsa wajen tono a Hisarlik, ƙasar Turkiya, har ya samu zinariya a 1873. Amma gaggawarsa ta rushe tsofaffin gine-gine, kuma masana sun gano cewa zinariyar ta girmi zamanin yaƙin da kamar shekara 1000. Ya mutu a 1890. Har yau masu koyar da waƙoƙin Homer suna yaba himmarsa, suna kuma gargaɗin ɗalibai da ɓarnarsa.