Malam Aminu Kano: Malamin makarantar da ya ajiye alli, ya sha faɗuwa kafin ya shiga majalisa

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin saman Kano, ko ya kai mara lafiya babban asibitin koyarwa na garin, ya ga sunan Malam Aminu Kano a rubuce. Amma da yawa cikinmu da muka tashi a nan Kudu, irin su Sabo ta Ibadan, Agege, Shagamu ko Fatakwal, sunan kawai muka sani. Ba mu san cewa mutumin nan malamin makaranta ne ba, kuma sai da ya sha kaye a zaɓe har aka fara yi masa dariya kafin ya samu kujerar majalisa.

An haife shi ran 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a kotun Alƙalin Kano. Ya fara da karatun allo, sannan firamaren Shahuci da Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna. A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Baucin suka riƙa zaman tattaunawa, ana tayar da zancen mulkin En'e da yadda ake gallaza wa talaka. A 1946 ya tafi ƙarin karatun koyarwa a Landan, da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa.

Bakinsa ya yi wa hukuma kaifi, sai aka ɗauke shi daga Bauci aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda yanzu take jihar Zamfara. Can ma bai yi shiru ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati gaba ɗaya. Ka tuna fa, a lokacin 'yan Arewa masu ilimi irin nasa ba su da yawa. Da ya kama bakinsa, babban muƙami na jiransa. Amma ya bar albashi mai tabbas ya rungumi NEPU, jam'iyyar Neman Sawaba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Zuwa 1953 shi ne shugabanta.

To, a nan wahalar ta fara. Zaɓen wancan zamanin a Arewa hawa-hawa ne. Talakawa su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gaba, har a kai matakin ƙarshe. A zaɓen 1951 En'e tana da ikon cuso nata mutanen a matakin ƙarshen. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma da aka zo ƙarshe ta tashi hannu rabbana. Ga shi alƙali na En'e, ɗan doka na En'e, gidan yari ma nata. Izinin lacca a wurinta ake nema. 'Yan NEPU da yawa sun sha bulala da ɗauri, wasu sai da suka bar garuruwansu.

A 1954 Malam ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke zama a Legas. Wanda ya kayar da shi ma malamin makaranta ne, Yusuf Maitama Sule na jam'iyyar NPC. A 1956 ya sake gwadawa, wannan karon majalisar Jihar Arewa a Kaduna, Ahmadu Ɗantata ya doke shi. Wani da tuni ya koma aji, ko ya canza sheƙa zuwa inda maiƙo yake. Shi kuwa ya ci gaba da yawo gari-gari yana lacca. Siyasar tasa ma koyarwa ce: ya nuna wa talaka cewa kuɗin harajinsa ne ke biyan masu mulkinsa, don haka yana da ikon ya tambaya, yana da ikon ya ƙi.

Sai ga zaɓen 12 ga Disamba 1959. A nan ne mazan Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce don zaɓen 'yan majalisar tarayya, mata kam ba a ba su dama ba tukuna. Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas. Cikin kujeru 312 NPC ta kwashe 134, NEPU ta samu 8 kacal. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe, ita kuma NCNC ta haɗa gwamnati da NPC. Haka Malam ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati ɗaya da abokan hamayyarsa na gida, aka ba shi mataimakin mai tsawatarwa na majalisa. Wannan ya jawo masa surutu har daga wasu magoya bayansa. A zaɓen 1964 kuma Mahmud Ɗantata ya karɓe kujerar. Wato zango ɗaya tak ya yi.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, daga baya na lafiya. A 1978 ya jagoranci kafa PRP mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba. Amma jam'iyyar ta kawo gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, kuma su ne suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Duk wanda ya tashi gidan da ake harkar shanu ya ji labarin jangali a bakin manya, yadda ake ƙirga wa makiyayi dabbobinsa a karɓi kuɗi kan kowane kai. A 1979 ɗin nan matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, abin da ya daɗe yana fafutuka a kai.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ana shirin wani zaɓen. Bai bar tarin dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wato gidan Mambayya, a nan aka binne shi, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

In ka lissafa, faɗuwarsa a zaɓe ta fi nasararsa yawa. Amma yawancin waɗanda suka zauna majalisar nan tare da shi, yau ba mai iya kawo sunansu. Mu da muke zaune a Kudu muna yawan cewa ba mu da yawa, ƙuri'armu ba za ta yi komai ba, wani ko katin zaɓe bai yanka a inda yake zaune ba. Kuma in malamin makarantar unguwa ya fito takara, tambayar farko da muke yi ita ce nawa ya zo da shi. Da talakawan Kano haka suka tambayi Malam a 1959, da bai taɓa taka majalisar Legas ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.