Fanny Hesse, Matar da Ta Kawo Agar Ɗakin Gwaji

Idan likita ya tura ka kai fitsari ɗakin gwaji don gano ƙwayar cutar da ke damunka, a kan agar za a shuka shi, kuma Fanny Hesse ce silar hakan. An haife ta a New York a 1850. A Jamus ta taimaka wa mijinta, Dakta Walther Hesse, ba albashi: ita ke dafa romon renon ƙwayoyin cuta, ita ke zana su. Jelatin da suke amfani da shi narkewa yake yi da zafin jikin mutum. A 1881 ta kawo shawarar agar, sinadarin ciyawar teku da take daskarar da kayan zaƙi da shi a kicin. Robert Koch ya ambaci agar a rahotonsa na tarin fuka a 1882, amma ko sunanta bai saka ba. Ta rasu a 1934.