Alhassan Ɗantata, Ɗan Kasuwar Da Ya Faro Lissafi Daga Ƙarshe

A wannan makon kulob ɗinmu ya zaɓi tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata. Dalili shi ne malamin lissafinmu ya koya mana cewa idan tambaya ta gagara, a faro daga amsa a dawo baya. Sai muka ga kamar haka wannan bawan Allah ya yi kasuwancinsa.

An haife shi a Bebeji a 1877. Bebeji tana ƙasar Kano, kuma ba ta da nisa da mu. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne daga cikin Agalawa. Ya rasu Alhassan yana ƙarami, aka raba dukiyar, abin da ya samu bai kai ko'ina ba. Mahaifiyarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunanta ya sami laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo yana 'yan sana'o'i, yana jefa abin da ya samu a asusu. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893, yana cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi.

To, ga inda muka fi so. A zamanin nan fatake kan tafi Gwanja sayen goro a ƙafa, cikin ayari, da madugu da jakuna. Tafiya da dawowa kan ci watanni da yawa. Kowa tunaninsa yadda zai ƙara jakuna ya ƙara huhu. A ganinmu Ɗantata ya juya tambayar. Maimakon me zai kawo riba, sai ya duba me yake karya bafatake. Goro ba ya son daɗewa, kullum sai an buɗe an tsince ruɓaɓɓe an yayyafa ruwa. Jaki yakan mutu. Akwai 'yan fashi, akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai sarakunan da sai an ba su gaisuwa kafin a wuce. Idan aka tattara su duka, matsalar guda ɗaya ce, wato doguwar hanya. Saboda haka wajen 1906 ya fara saka goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Muna jin wasu sun yi masa dariya, don mutumin da zai kai kaya Arewa ya nufi teku. Da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano wajen 1912, sai hanyar tasa ta cika.

Mun tsaya a nan mun yi gardama a kulob, domin abin ya taɓa mu. Tumatir ɗin Ikara ma haka yake, kamar goro. Iyayenmu sukan yi ta wahalar ban ruwa, sai ranar da aka cika kwanduna sannan a fara neman mota da mai saye, rana tana dukan kaya. Wata 'yar ajinmu ta ce ai a fara sanin mai saye kafin a yi dashe. Wani ya ce faɗa da baki sauƙi gare shi, mai saye ba ya alƙawari. Ba mu gama ba aka buga ƙararrawa. Mun dai yarda masu rake na Makarfi da Kudan sun ɗan fi sauƙi, tunda suna iya mayar da shi mazarƙwaila ta daɗe.

A 1918 kamfanin Turawa na Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Nan ma bai zauna jiran kaka ba. Yakan ba wakilansa kuɗi tun da wuri su shiga ƙauyuka, don haka kafin wasu su fito kasuwa shi ya riga ya san inda buhunansa suke. Gyaɗa ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashe ta da sauri, aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa a Kano. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Mun yi ƙoƙarin lissafa nauyinsu a allo, muka bari.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ma daga ƙarshe ya faro shi. Ya ga yadda rabon gado ya watsa dukiyar mahaifinsa. Da ciwo ya tsananta masa a 1955, sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna lafiya, kada su raba kamfanin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Cikin 'ya'yan akwai Sanusi, wanda ya haifi Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Ɗangote. Allah ya jiƙansa da rahama.