Ben Enwonwu: Mai zanen da kwafi ya raya aikinsa bayan asalin ya ɓace

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela ko na aski a Gusau, Tsafe ko Kucheri ya san yadda hoton kalanda ke daɗewa a bango har ya zama ɗan gida. Irin wannan kwafi mai araha ne ya hana a manta da zanen da ya fi kowanne suna a Najeriya, wato Tutu, aikin marigayi Ben Enwonwu.

An haifi Enwonwu a Onitsha ranar 14 ga Yulin 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne, a wurinsa ya fara koyon aikin hannu. Daga baya ya yi karatu a hannun wani malamin zane Bature, Kenneth Murray, kafin ya samu tallafin zuwa Ingila a 1944, inda ya shiga makarantar zane ta Slade.

Sunansa ya zagaya duniya lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zauna ya ƙera mutum-mutuminta na tagulla, wanda ya kammala a 1957. A 1966 kuma Najeriya ta bai wa Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar wani aikinsa mai suna Anyanwu.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ya zama farfesa a Jami'ar Ife. A can ne ya haɗu da Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, ya zana ta sau uku tsakanin 1973 da 1974. Ganin ɗan ƙabilar Ibo ya zana gimbiyar Yarabawa a lokacin da raunin yaƙi bai warke ba ya sa mutane da dama suka ɗauki zanen a matsayin alamar sulhu.

Sai dai duka ukun sun ɓace. Enwonwu ya rasu a Legas ranar 5 ga Fabrairun 1994, aka bar jama'a da kwafin da aka buga a takarda, ana rataya shi a gidaje. Mutane da yawa sun tashi da sanin fuskar Tutu ba tare da sun taɓa ganin asalin ba.

A ƙarshen 2017 aka gano ɗaya daga cikinsu a wani gida a arewacin Landan. Kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a Fabrairun 2018 kan fam miliyan 1.2.

A yau injinan zamani na iya buga zane har a kan ƙyalle, launinsa ya fito kusan kamar na asali. Wanda ya sayi Tutu ya tafi da abinsa, amma fuskar gimbiyar na nan a bangayen waɗanda suka riƙe ta fiye da shekara 40.