Jacques Monod: Masanin da Ya Gano Hikimar Shirun Ƙwayar Bakteriya

An haifi Jacques Monod a birnin Paris na ƙasar Faransa a 1910. Ya taso da son kiɗa da kimiyya, har ya daɗe yana wasiwasin wanda zai riƙa a matsayin sana'a. A 1934 ya bi jirgin ruwan bincike na Jean-Baptiste Charcot zuwa Girinlan, ƙasar ƙanƙara. A 1936 ya yi niyyar sake bin jirgin, sai aka shawo kansa ya tafi Kalifoniya ta Amurka ƙaro ilimi. A wannan shekarar jirgin ya nutse a gaɓar Aislan, mutum ɗaya kacal ya tsira. Mai rabon ganin baɗi, in ji Hausawa, sai ya gani.

A binciken digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1941, ya lura cewa idan aka ba bakteriya sukari iri biyu a haɗe, takan cinye ɗaya tukuna, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan na biyun. Wannan ɗan dakatawar ce ya shafe shekara 20 yana bin diddiginta. A 1961, shi da François Jacob na Cibiyar Pasteur suka bayyana dalili: bakteriyar E. coli tana ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke sarrafa sukarin madara, amma wani furotin yakan zauna a bakinsu kamar mai gadi, ya hana a karanta su. Sai sukarin ya samu mai gadin yake kaucewa, aiki ya kankama. Wannan ya sa suka sami kyautar Nobel a 1965, tare da André Lwoff.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne, tarin kalmomi a ƙamus ba ya mai da mutum fasihi, sai ya san inda zai faɗe su da inda zai kame bakinsa. Haka ƙwayoyin gado suke: mallakarsu ba ta isa ba, sai da tsarin da ke buɗe su ya rufe su a kan kari.

Shi kansa Monod ya san lokacin magana. Sa'ad da Jamus ta mamaye Faransa, ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmaya a ɓoye, yana sane da cewa ransa ya sa a kasada. A 1948 kuma ya fito fili a jarida ya ƙaryata Trofim Lysenko, wanda gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ɗaure wa gindi ya murƙushe ilimin gado saboda siyasa.

Ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a 1971, ya mutu a garin Cannes a 1976. A ganina, ya kamata duk masani ya auna kansa da wannan ma'auni: haƙurin bin ƙaramar tambaya shekara da shekaru, da kuma ƙin yin shiru idan mai mulki ya nemi lanƙwasa gaskiya.